Inda na kai a koyon cire kilif ɗin ƙofar mota

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Na bar kilif ɗin bamba na koma kan murfin ƙofa na ciki, ina gwadawa a wata tsohuwar Corolla. Ga abin da hannu ya koya mini zuwa yanzu.

Kafin ku taɓa kilif ko ɗaya, wato 'yan maƙalan roba da ke riƙe murfin a jikin ƙofa, ku nemo sukurorin da aka ɓoye. Akwai a bayan hannun buɗe ƙofa, ƙarƙashin wani ɗan murfi, akwai kuma a cikin ramin da ake sa yatsu a jawo ƙofa. In gefe ɗaya ya ƙi tasowa alhali sauran sun saki, galibi sukuru ne ya rage.

Kilif ɗin da ke bayan murfin, kansa yana zaune cikin wani ɗan mazauni na roba da ke manne da jikin murfin, ƙafarsa kuma ta shige ramin ƙarfen ƙofa. Wannan mazaunin nake jin tsoro. Kilif kuɗinsa kaɗan ne, a leda ma ake sayar da shi a kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano. Mazauni kuwa in ya tsage, sai dai liƙi da gam ko neman wani murfin gaba ɗaya. Saboda haka na daina kama gefen murfi ina fizga. Daga kusurwar ƙasa nake farawa, in zura abin ɓamɓarewa na roba a hankali har ya ci karo da kilif, sannan in sa abin ɓamɓarewa mai baki biyu ya rungumi wuyan kilif ɗin, tsakanin ƙarfe da ƙeyar kilif ɗin, in danna sau ɗaya. Ƙarfin duka a kan kilif yake sauka. In zai karye ya karye, murfi dai ya tsira. Ina manna salatif a jikin ƙofa inda abin ɓamɓarewa zai jingina, domin sukundireba tsirara tana kankare fenti, tsatsa kuma ta nan take shiga.

Yanayi ma yana da tasiri. Yawancinsu da nailan ake yi, shi kuma nailan in ya bushe sosai ko ya yi sanyi sai ya yi ƙanƙas. Da safiyar hunturu nan da nan suke karyewa. Ina barin motar ta ɗan sha hantsi tukuna, sababbi kuma ina jiƙa su a ruwan ɗumi kafin in sa. Wanda shekaru da zafin rana suka riga suka cinye, babu dabarar da za ta cece shi.

Kilif na jikin bodi masu tsinke a tsakiya iri biyu ne, kuma a ido sun yi kama. Wani ana danna tsinken ciki kaɗan har ya yi ƙas, sai ya saki. Wani kuma ɗago tsinken ake yi. Ku duba gefen kan: in akwai 'yar tsaga ta sa baki, na ɗagawa ne. Mai kan sukuru na roba shi ya fi ba ni wahala, don yana juyawa a wuri ɗaya in an danne shi. Sai an juya ba nauyi, ana ɗan tallafe shi daga ƙasa.

Bayan duk sun saki, murfin yana rataye ta sama a bakin gilashi, ɗaga shi ake yi sama. Kada a ja da nisa, akwai wayoyin makunnin gilashi da igiyar hannun ƙofa a baya. Ledar da ke manne da ƙarfe kuma a mayar da ita yadda take, ita ke hana ruwa jiƙa murfin. Wajen sayen sabon kilif ina zuwa da tsohon a aljihu, domin ramin milimita 7 da na 8 ba a bambance su da ido.

Abin da ke gabana yanzu shi ne hannun naɗe gilashi na ƙofar da ba ta da makunni, mai ɗan ƙarfe lanƙwasasshe a baya, wanda ake zarewa da tsumma. Duk wanda ya ƙware a kansa ya faɗa mini ta wane gefe yake shigar da tsumman.