Ranar da na daina biyan yara naira hamsin don su zo karatu

Salamu alaikum jama'a. Na jima ina son in rubuta wannan abin saboda duk hutu sai wani daga cikin abokaina ya kira ni yana cewa shi ma zai fara koya wa ƙannensa karatu a gida, ya za a yi yaran su riƙa zuwa da kansu ba sai an bi su da bulala ba. To ga abin da ya faru da ni a Argungu.

Lokacin da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, sai na fara tara yaran layinmu a zauren gidanmu bayan la'asar, 'yan SS1 da SS2, tsakanina da su bai fi shekara biyu zuwa uku ba, muna yin lissafi da Turanci. Da farko mutum tara ne. Da na ga sun fara janye jiki sai na ƙirƙiro wata dabara, duk wanda ya fara cin tambaya zan ba shi naira hamsin, wata rana biskit. Wallahi zauren ya cika har da masu tsayuwa a bakin ƙofa, ni kuma ina ta murna. Sati uku kuɗin hannuna suka ƙare. Ranar da na ce yau babu komai, washegari mutum huɗu suka zo, cikin waɗanda suka gudu har da yara biyu da tun kafin zancen kuɗi ba su taɓa fashi ba. Wannan ya yi min ciwo sosai, don da hannuna na lalata musu abin da suke yi saboda Allah.

Sai daga baya da na shiga makarantar gaba a Birnin Kebbi na ci karo da bayanin abin a kwas ɗin ilimin halayyar ɗan Adam. A wani bincike da aka wallafa a 1971, wani masani ɗan Amurka, Edward Deci, ya ba ɗaliban jami'a wani wasan haɗa 'yan guntaye mai wasa ƙwaƙwalwa. Wasu ya riƙa biyansu dala ɗaya kan kowane da suka haɗa, wasu bai ba su ko sisi ba. Da aka janye kuɗin aka bar su su kaɗai a ɗaki, waɗanda aka saba biya sun rage taɓa wasan, waɗancan kuwa suka ci gaba da abinsu. Shi da abokin aikinsa Richard Ryan suka zo suka ce abu uku ne ke sa mutum ya so abu daga zuciyarsa: ya ji shi ya zaɓa ba tilas aka yi masa ba, ya ji ya fara iyawa, kuma ya ji waɗanda yake tare da su sun damu da shi. Ina karantawa ina tuna zaurenmu, na ce ashe ni na mayar da karatu ƙwadago, kuma ɗan ƙwadago in ba a biya shi ba ai ajiye fartanya zai yi.

Bari in koma kan yara huɗun da suka rage, don a kansu na koyi aikin. Akwai ɗan maƙwabcinmu, babansa manomin shinkafa ne a fadama kuma yana da ɗan tebur na awo a kasuwa, yaron shi ke zama wurin ranar da babu makaranta. Kullum maganarsa ɗaya ce, "Yaya, ni kam kaina bai ɗaukar lissafi, mi zan yi da x da y?" A aji an riga an sa masa sunan daƙiƙi har shi ma ya yarda. Wata rana na ajiye littafin gefe na ce masa, wata mata ta auni tiya biyu ta shinkafa da tiya ɗaya ta wake ta biya dubu bakwai, wata kuma ta auni tiya ɗaya ta shinkafa da ɗaya ta wake ta biya dubu huɗu da ɗari biyar, nawa ake sayar da tiyar shinkafa? Ban gama rufe baki ba ya ce dubu biyu da ɗari biyar mana, ai tiya ɗaya ce ta raba su, wake kuma dubu biyu. Na miƙa masa alli na ce rubuta min abin da ka yi a kanka, amma duk inda za ka ce shinkafa ka sa x, wake ka sa y. Ya rubuta layi biyun a jikin allo, ya tsaya ya zuba musu ido kusan minti ɗaya, sai ya juyo ya ce, "Yaya, wai wannan shi ne abin da malam ke yi?" Na ce shi ne, kuma kai ka yi da kanka, ni ban sa maka hannu ba.

A nan nake ganin ɗalibin da ke koya wa ɗan'uwansa ya fi malami dama. Ba wai ya fi malami ilimi ba, ina, malami malami ne. Amma malamin da ke gaban aji cike da yara, ga manhaja tana jiransa ga WAEC ta matso, yaushe zai san cewa wannan yaron gwanin awo ne? Ni na sani don layinmu ɗaya. Kuma yaro yana jin nauyin ɗaga hannu a aji ya ce bai gane ba kar a yi masa dariya, amma ni zai tambaye ni abu ɗaya sau biyar ba ya jin komai, tunda ya san bara-bara ni ma a nan na maƙale.

Mu kuma wannan tsarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ba kullum malam ke biya wa kowa ba, gardi ne ko wani da ya ɗan yi gaba zai zauna da kai ya biya maka har ka riƙe ka wanke allonka. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, haka ta tsara 'yan taru, wato ƙungiyarta ta koyar da mata, ta koyar da jajoji, wato matan da ke jagorantar karatun, ta ba su malfa, su kuma su koma ƙauyukansu su koyar da mata 'yan'uwansu ta hanyar waƙoƙi cikin harshen da suke ji. Babu satifiket a ƙarshe, babu albashi, amma mata suka riƙa takowa daga nesa.

Babban kuskuren da na ga masu koyar da 'yan'uwansu suna yi, ni ma na yi shi, shi ne saurin ba da amsa. Ka ga yaro yana fama sai tausayi ya kama ka, ko kuma kana so a san ka iya, sai ka karɓe biro ka yi masa. Zai yi godiya ya tafi, amma abin da ya koya shi ne in ya maƙale a nemo Yaya, kuma ranar JAMB daga shi sai kwamfuta. Yanzu hannuna a aljihu nake sa shi in yaro yana aiki. In ya tsaya sai in ce nuna min inda ka kai, ko in ce me ka riga ka sani a nan, in yi shiru ko da shirun zai yi tsawo. Shirun nan yana da wuya wallahi, har yau sai na danne kaina.

Na kuma daina ce wa yaro kai haziƙi ne, don in aka saba masa da haka ranar da ya faɗi sai ya ɗauka haziƙancin ya gudu, ya fara kauce wa tambaya mai wuya. Na fi son in faɗa masa takamaiman abin da ya yi, kamar na ga ka koma ka duba layi na biyu da kanka ka gyara. Sannan nakan bar su su zaɓi abin da za a fara da shi a ranar, ko da tsakanin babi biyu ne kawai. Tsoratarwa da jarrabawa kuwa na rage ta ƙwarai, suna jin ta a gida suna jin ta a makaranta, ba sai na ƙara musu ba.

Yaron nan ɗan maƙwabcinmu, kwana biyu bayan zaman da muka yi lissafin shinkafa da wake, ya same ni da daddare ina alwala a ƙofar gida, ba ranar karatu ba ce, ba kuma aikin gida aka ba shi ba. Ya ce, "Yaya, to in an ƙara gero fa, ya zama kaya uku, awon mata biyu ya isa a gane kuɗin kowane?" Na san amsar amma na ce je ka gwada ka zo min da abin da ka gani. Da safe kafin in karya sai ga shi da bayan kwalin sukari duk ya cika shi da rubutu, ya ce ya gwada har sau huɗu ba ta fita, dole sai an samu mace ta uku ta yi awo. Da la'asar shi na ba allin ya nuna wa sauran ukun.