Minti 15 da na ƙi jira wajen allurar ciwon kai

Maganin da na zaɓa daidai ne, metoclopramide miligiram 10 ta jijiya ga matashiyar da ciwon ɓarin kai ya kawo ta sashen gaggawa tana amai. Hannuna ne ya yi kuskure. Na tura shi kai tsaye daga sirinji cikin abin da bai kai minti 2 ba, don layi ya yi tsawo. Kafin na gama da gado na gaba ta miƙe tana safa da marwa, tana cewa a cire mata kanula, robar da aka sa mata a jijiya, za ta tafi gida. Mahaifiyarta ta riƙe ni: "Likita, wannan iska ce." Ni kuma na ɗauka ciwon ne ya ƙaru, saura ƙiris in ƙara mata wani miligiram 10. Har yau abin yana ci mini rai.

Rashin natsuwar nan illar maganin ce, kuma saurin turawa ne ke ƙara jawo ta. Yanzu a ƙaramar ledar ruwan gishiri mililita 100 nake zuba shi, ya sauka cikin minti 15 ko fiye. Ƙarfinsa kan ciwon bai ragu ba. Ina kuma gaya wa majinyaci tun kafin a buɗe ruwan cewa in ya ji ƙafafunsa sun ƙi zama wuri ɗaya ya yi magana. Idan abin ya faru, a kwantar da shi da diphenhydramine miligiram 25 zuwa 50, in babu shi diazepam kaɗan a hankali. A sa ido sosai kan matasa, musamman mata, su ne maganin ke sa wuyansu ya murɗe, idanu su ƙafe sama.

Prochlorperazine miligiram 10 ta jijiya na ga ya fi kaifi kaɗan, amma illarsa iri ɗaya ce, don haka ƙa'idar minti 15 ta hau kansa. Chlorpromazine miligiram 12.5 zuwa 25 yana aiki, sai dai yana sa hawan jini ya faɗi ƙasa: a fara ƙarin ruwa tukuna, kada a bari majinyaci ya miƙe zumbur. Paracetamol giram 1 ko ketorolac miligiram 15 zuwa 30 suna taimakawa a ciwo matsakaici, muddin an tambayi gyambon ciki, ƙoda da juna biyu kafin ketorolac.

Pentazocine kuwa, dangin morphine da hydromorphone, da hannu ke saurin kai wa, na daina taɓa shi don ciwon kai. Yana sa barci, ciwon ya dawo, mutum ya koma yana neman allurar da sunanta. A 2016 ƙungiyar masana ciwon kai ta Amurka ta ce a guji morphine da hydromorphone a matsayin maganin farko. Gwajin da aka yi a birnin New York, aka wallafa a 2017, ya nuna kashi 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa prochlorperazine da diphenhydramine sun samu sauƙi mai ɗorewa na awa 48, a kan kashi 31 na masu hydromorphone, har aka tsayar da gwajin kafin lokacinsa.

Kafin sallama ina ƙara dexamethasone miligiram 10 sau ɗaya. Ba ya kashe ciwon nan take, yana rage dawowarsa ne cikin kwana 3. A duba suga tukuna.

Sauƙin da allura ta kawo kuma ba shaida ba ce cewa ƙwaƙwalwa lafiya take. Sanƙarau da zubar jini a kai su ma suna lafawa da metoclopramide. A lokacin zafi ba na buɗe kwalbar allura sai na lanƙwasa wuyan majinyaci, na auna zafin jiki da hawan jini, na yi gwajin maleriya, na kuma tambaya ko ciwon farat ɗaya ya zo.

Matashiyar nan ta natsu bayan kusan rabin awa, ciwon kan ma ya tafi. Amma da na rubuta mata magani na gida, ta ce in dai irin wancan ne ba ta so, kuma ban iya shawo kanta ba.