Kod ɗaya, gudu biyu

Daren jiya a Gusau an ɗauke wuta, sai na jona laftof da 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 a batirin sola ina gwada wani kod na yaren C mai lissafin buhunan geron Baba. Da GCC, manhajar da ke juya kod zuwa yaren na'ura, na haɗa shi, na fara da -O0 (ba gyaran gudu), na koma -O3 (gyaran gudu sosai). A laftof mai Intel sai da na ƙara -march=native (wato a yi amfani da duk abin da processor ɗin ya iya) gudun ya yi tsalle sosai, don AVX2, dabararsa ta yin lissafi da yawa lokaci guda, na ɗibar bit 256 a kamu ɗaya, takwararta NEON ta processor ɗin ARM da ke cikin Pi kuwa 128. Pi ɗin ta ƙara gudu, amma ba can ba. Ina zargin mimori ke riƙe mata ƙafa.

Baba ya leƙo: "To Injiniya, geron ya ƙaru?" Na ce a'a, Baba.