Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Neman Izinin Baba

Makon jiya na tsaya a daidai inda takardar ɗaukar aiki ta shigo wayata daga wani gidan kula da tsofaffi a Ingila. To, takarda ta samu, saura amincewar Baba.

Da kakar 2022 na tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu. Na tarar da shi a zaure yana lissafin kuɗin 'yan ƙodagon da suka yanke masa shinkafa a fadama, ransa a ɓace. Da na gama bayani ya daɗe bai tanka ba, can ya ce, "Uwata, su Turawan ba su da ɗiya ne, har sai an ɗauko ki daga Kabi ki yi jinyar iyayensu?"

Na ce, "Baba, suna da su, amma ba su isa ba."

Na yi masa bayani daidai saninna. Kafin al'umma ta riƙa maye gurbin waɗanda suka rasu, sai an samu haihuwa biyu da ɗan ɗori ga kowace mace. A Ingila a wannan shekarar lissafin bai kai ɗaya da rabi ba, ga mutane suna daɗewa a duniya, ɗan tamanin ba abin kallo ba ne. Fanshon gwamnati da kuɗin asibiti kuwa daga harajin masu aiki a yau ake biyan su. Masu biya ba sa ƙaruwa kamar masu karɓa, shi ya sa suka tsara ɗaga shekarun karɓar fansho daga 66 zuwa 67, kuma a Fabrairun 2022 suka buɗe biza ga masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje. Su ma da sauƙi: a Japan kusan mutum uku cikin goma sun kai 65, Koriya ta Kudu kuwa lissafinta bai kai ko haihuwa ɗaya ga kowace mace ba.

Baba ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi bai taɓa aikin gwamnati ba, fanshonsa mu ne. Ya shiga lissafa mini yayyena da ƙannena maza: wannan yana Legas, wancan Abuja, biyu sun bi haƙar zinari wajen Yawuri. Gayya ta mutu a unguwarmu, duk wanda zai kama lauje sai da kuɗi a hannu. Ya ce, "Su ba su haifa ba, mu mun haifa, amma duk cikinmu ba mai kowa kusa."

Har yau maganar nan tana ci mini rai, don akwai abin da bai faɗa ba. Su suna da kuɗin ɗauko 'ya'yan wasu. A nan aka haife ni, da kuɗin shinkafa na yi karatun jinya, amma amfanin zai tafi inda ake biya da fam. Ni ma ban ƙi fam ɗin ba, albashina a lokacin ba ya kai ni ƙarshen wata.

Inna tana bayan ƙofa tana ji. Ta leƙo ta ce, "To, wa zai riƙa auna mini jini?"

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a jira Kawu ya dawo daga Kamba. Yadda zaman ya kaya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.