A ina ake yanke labari? Abin da haɗa tirela ya koya mini

Sana'ata tace hoto ce, kuma cikin ayyukan da ake kawo mini babu mai cin lokacina kamar tirela, wato gajeren tallan fim. Fim na awa biyu ya fi mini sauƙi a kan tallan minti ɗaya. A fim labari ne ke jan ka, a talla kuwa kai za ka zaɓi abin da za a nuna da abin da za a ɓoye.

Na koyi aikin a wani ƙaramin situdiyo da ke titin Gidan Zoo a Kano, ƙarshen zamanin faifan CD. A lokacin waƙa ce jarin tirela. Ana jera tallace-tallace a farkon faifan wani fim, kowanne ya ɗauki mintuna, mai murya yana ta kirarin jarumai ɗaya bayan ɗaya. Mutum na farko da ake son burgewa dillali ne na kasuwar Ƙofar Wambai, domin idan waƙar ta kama shi zai ɗauki kaya da yawa, idan ba ta kama shi ba fim ya kwanta tun kafin ya fita. Don haka maigidana ya koya mini in nemo amshin da ya fi daɗi, in ɗora rawa a kai, labari ya biyo baya in da sauran wuri.

Wannan kasuwa ta rushe a idonmu. Masu tura fim a waya sun kashe cinikin faifai, tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta saba wa mutane da bin shiri mako-mako, sannan zaman gida na korona a 2020 ya tura furodusoshi da yawa YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. Yanzu wadda nake yi wa aiki mace ce riƙe da waya, da datar da ta saya da kuɗin adashinta, yatsanta a shirye yake ya wuce. Tana iya kasancewa a Fagge, ko Maraɗi, ko zangon Kumasi, ko Jidda.

Abu na farko da na gane shi ne hayaniya ba ta riƙe mutum. Furodusoshi suna son mari, da kuka, da bindiga, duk a tattara a cikin daƙiƙa sittin. Amma YouTube yana nuna wa mai tasha zanen inda masu kallo ke tsayawa da inda suke watsewa, kuma a ayyukan da suka bi ta hannuna, marin da ba a san dalilinsa ba bai cika tsayar da kowa ba. Abin da ke tsayar da su tambaya ce. Uwargida ta buɗe akwatin mijinta ta ga wata takarda, fuskarta ta canja, ba a nuna takardar ba. Shi ke nan, an ɗaure mai kallo har mako mai zuwa.

Wurin yankewa ma ilimi ne mai zaman kansa, kuma shi na fi daɗewa ina koyo. Idan jarumi ya ce, "Hajiya, yaron nan ba ɗanki ba ne," sabon edita zai yanke a bakin mai maganar. Ni ina barin hoton ya koma kan fuskar Hajiya, in ba ta numfashi ɗaya, in yanke kafin ta buɗe baki. Mai kallo ya riga ya ji labarin, abin da yake ƙishirwa shi ne yadda za ta ɗauke shi. A wannan gaɓar nakan sauke kiɗa gaba ɗaya. Mutanenmu mutanen magana ne, sun tashi da tatsuniya da wasan kwaikwayon rediyo, kuma yawancinsu da lasifikar waya suke ji, wani lokaci ana girki ko yara na wasa. Idan kiɗa ya danne jimla ɗaya, an yi asarar tallan. Shi ya sa ba na miƙa aiki sai na saurare shi a ƙaramar waya, ba a manyan lasifikan situdiyo ba.

Akan yanka gajere kuma, na tsaye, saboda TikTok da satatus ɗin WhatsApp. Wannan fuska ɗaya da magana ɗaya ya ishe shi.

Inda nake samun saɓani da masu shiri shi ne batun yaudara, kuma a nan ba na sassautawa. Wani furodusa ya taɓa kawo mini fitowar da jaruma ta yi mafarkin an rufe mijinta da likkafani. Ya ce in sa gawar a tirela, in sa ta a hoton gaba, a rubuta cewa ya rasu. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, mafarki ne fa." Ya ce, "Ƙanena, kai dai sa, kallo muke nema." Na ba shi haƙuri, ya kai wa wani. An kalla sosai a makon, ba ƙarya. Amma matan da suka ƙona datarsu suka tarar mafarki ne ba su yafe ba, kuma da mutuwa ta gaskiya ta zo a labarin daga baya, da yawa sun ɗauka wani salon ne. Tirela bashi ce, mai kallo ya ba ka lokacinsa a kan alkawarin za ka biya. Shiri mai dogon zango kuwa ba ciniki ɗaya ba ne, mutum ɗaya kake roƙo ya dawo kowane mako har zango ya ƙare.

Akwai kuma iyakar da ake kiyayewa. Hukumar tace fina-finai ta jihar Kano tana nan tun 2001, amma ko ba don ita ba, ana kallon shirin nan a falo da uba da 'ya'ya da surukai. Hoton da zai sa uwa ta kifa waya idan ɗanta ya leƙo, ya kori gidan gaba ɗaya. Na ga tashoshin da suka ja samari da irin wannan hoto na ɗan lokaci, suka rasa iyalan da su ne ke bin labari da gaske, su ne ke kiran 'yan uwa su tambaya ko an ga abin da kishiya ta yi.

Yanzu duk wanda ya kawo mini aikin tirela, sharaɗina ɗaya ne: ya ba ni cikakkiyar fitar makon in kalla daga farko har ƙarshe, da ta gaba idan an gama ɗauka. Wasu suna ganin ɓata lokaci ne, su turo guntaye biyar su ce in haɗa kafin magariba. Nakan ce musu ba zan iya sa tambaya a bakin mai kallo ba sai na ga amsarta da idona, na kuma san a wane mako za ta zo.