Abin da shagunan hatsi da gidajen kaji suka koya mini

Aikina saka ƙananan na'urorin auna zafi da laima ne a shagunan hatsi na Dawanau da gidajen kaji na bayan gari. Na'urar ta auna, ta tura ta intanet zuwa manyan kwamfutocin haya da ake kira kilawud, mai kaya ya duba wayarsa ya gani ko yana Sabon Gari. Amfanin ba kaɗan ba ne: masarar da laimarta ta haura kashi 14 cikin ɗari fumfuna take yi, kuma kafin hanci ya ji, an yi asarar buhuna.

Babban darasin ya zo ne a watan Maris na 2024, lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har harkar banki ta tsaya cak ga mutane da yawa. Tun daga nan nake tambayar kowace na'ura abu ɗaya: idan layi ya yanke, me za ki iya da kanki? A watan Afrilu zafin Kano kan wuce digiri 40. Kaza ba ta jiran saƙo ya je wata ƙasa ya dawo kafin fanka ta tashi. Dole na'urar ta kunna fankar nan take, ta adana abin da ta auna, in sabis ya dawo ta tura. A bar wa kilawud aikin da ya fi iyawa, wato tara tarihin damina da rani har a gane shagon da rufinsa ke yoyo.

Ana ta zancen 5G, sabis ɗin intanet mai sauri, tun da MTN ta ƙaddamar da shi a Najeriya a 2022. Madalla. Amma na'urar da ke tura lambobi biyu duk bayan minti goma ba ta buƙatarsa. Fasahar rediyo ta LoRa kan kai kilomitoci, batirinta ya daɗe. Abin da ke kashe mana kaya shi ne ƙurar hunturu a kan faifan sola. Shi ya sa nake zaɓen na'urar da yaran Farm Centre, kasuwar wayoyi ta Kano, za su iya kwancewa su gyara.

Akwai kuma maganar amana, wadda ke damuna ƙwarai. Wani Alhaji ya tambaye ni ko wa ke iya ganin abin da ke cikin shagonsa, tunda farashi a Dawanau yana bin labarin wanda ya tara kaya. Yana da gaskiya. Yanzu kafin in ɗaura waya ko ɗaya, sai mun rubuta cewa bayanan nasa ne, kuma duk ranar da ya ce a goge, za a goge.