Idan Mai Gida Ya Ce A Koma

A daren wata Juma'a bayan sallar isha'i, muna zaune a kan benci a ƙofar shagon wani dattijo mai sayar da goro a Agege, sai wani saurayi daga cikin masu ɗauko mana kaya daga kasuwar Mile 12 ya miƙo wayarsa domin mu ga wani bidiyo. Mutane ne fiye da hamsin a kan yashin bakin wani kogi, da dogon gashi, babu tufafi a jikinsu sai ɗan abin da suka ɗaura a ƙugu, wasu na riƙe da dogayen sanduna. Rubutun da ke ƙasa ya ce 'yan ƙabilar Mashco Piro ne na kurmin Amazon da ke ƙasar Peru, masu guje wa cuɗanya da mutanen waje, kuma a tsakiyar shekarar 2024 aka ɗauke su, kusa da inda kamfanonin katako suke sarar itatuwa.

Dattijon ya daɗe yana kallo kafin ya mayar da wayar. Ya ce, "Ɗana, a wannan zamani a ce akwai bayin Allah da ba su san allura ba, ba su san karatu ba, kuma gwamnati tana kallo? Wannan ai rashin tausayi ne." Malamin da ke jan mu sallah ya ƙara da cewa isar da saƙo nauyi ne a kan wanda ya sani. Ni ma a daren nan ra'ayina ke nan. Bayan na shafe makonni ina karanta abin da ya sami waɗanda aka riga aka je wa, sai na sauya, kuma dalilin sauyawar nake son in shimfiɗa a nan.

Abu na farko da ya warware mini shi ne zaton cewa waɗannan mutane ba su san da mu ba. Sun san mu, kuma sanin ne ya sa suka shige can cikin kurmi. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da kasuwar roba ta yi tashe a duniya, masu neman ɗanƙon itacen sun kutsa Amazon suna kama mazauna wurin suna bautar da su. A shekarar 1894 mutanen wani attajirin roba mai suna Carlos Fitzcarrald sun yi wa kakannin Mashco Piro kisan gilla a yankin kogin Manu, waɗanda suka tsira kuma suka bar ƙauyukansu suka koma rayuwar yawo cikin daji. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Gudun da jikokinsu suke yi a yau gadon abin da aka yi wa iyayensu ne, kuma kuskure ne mu fassara shi da jahilci.

Abu na biyu shi ne cuta, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin na ga wani abu nasa da idona. 'Yata ta fari ta kamu da ƙyanda tana da wata bakwai, kafin ta kai wata taran da ake yi wa yara allurar riga-kafinta. Na tuna zazzaɓin da ya sa jikinta ya yi kamar garwashi, da idanunta da suka yi ja suka liƙe da kwantsa, da ƙurajen da suka faro daga bayan kunne suka bi fuska har zuwa tafin ƙafa. Ta warke da ikon Allah, amma ta warke ne a gidan da mahaifiyarta take tsaye da ƙafafunta, tana ba ta nono, tana goge mata jiki da ruwa, ni kuma ina iya fita in nemo mota mu tafi asibiti. Mu manya cutar ba ta taɓa mu ba, saboda jikinmu ya san ta tun muna yara. Hausawa sun kira ta baƙon dauro, amma baƙo ne da muka saba da zuwansa tun kaka da kakanni.

To sai mutum ya ƙaddara ƙauyen da babu wanda jikinsa ya taɓa haɗuwa da ƙyanda ko mura. Idan cutar ta shiga, rana ɗaya take kwantar da uwa da uba da kaka da jariri. Babu mai ɗebo ruwa, babu mai hura wuta, babu mai zuwa farauta, mai shayarwa kuma nononta ya ƙafe. Da yawa ba ƙwayar cutar kaɗai ce take kashe su ba, ƙishirwa da yunwa da rashin mai jinya ne suke ƙarasa su. Haka ya faru ga ƙabilar Panara ta Birazil, wadda aka kai gare ta a 1973 lokacin da ake fasa babbar hanyar mota daga Kuyaba zuwa Santarem ta tsakiyar ƙasarta. Cikin shekara biyu mafi yawansu suka mutu, har mutum 79 kaɗai aka kwashe a jirgin sama zuwa yankin Shingu a 1975. Haka ya faru ga Nahua na Peru a tsakiyar shekarun 1980, bayan masu neman man fetur sun buɗe hanya masu sarar katako sun biyo sawunsu, inda kusan rabinsu suka rasu. Mu mutanen Legas bai kamata wannan ya yi mana wuyar fahimta ba. A watan Yulin 2014 mutum ɗaya ne ya sauko daga jirgi da Ebola ya jefa gari cikin fargaba, a ƙarshen Fabrairun 2020 kuma mutum ɗaya ne aka fara samu da korona, bayan wata guda aka rufe garin baki ɗaya, alhali muna da asibitoci da likitoci da ɗakunan gwaji.

Tsibiran Andaman na ƙasar Indiya sun fi ko'ina nuna bambancin da ke tsakanin hanyoyin biyu, wato a je musu ko a bar su a inda suke, domin a can an gwada kowacce. Lokacin da Turawan Ingila suka kafa sansanin fursunoni a 1858, ƙabilun da ake kira Manyan Andamanawa sun kai dubbai. Aka jawo su a jiki, aka gina musu gidaje domin a "waye" da su, ƙyanda da mura da tunjere suka bi su, yau waɗanda suka rage ba su wuce 'yan gommai ba. A watan Janairun 2010 wata tsohuwa mai suna Boa Sr ta rasu, kuma ita ce mutum ta ƙarshe da ke jin harshen Bo, har ta shafe shekaru masu yawa ba ta da wanda za ta yi hira da shi da harshen da aka yi mata tawai da shi. Maƙwabtansu na tsibirin Sentinel ta Arewa kuwa, waɗanda suke tarar kowane jirgi da kwari da baka, suna nan a ƙasarsu da harshensu. Su ma suna da dalili, domin a 1880 wani jami'in mulkin mallaka mai suna Maurice Portman ya kama tsoho da tsohuwa da yara huɗu daga tsibirin ya kai su Port Blair, tsofaffin suka kamu da ciwo suka mutu nan da nan, aka mayar da yaran da 'yan kyaututtuka. Bayan ambaliyar tsunami ta Disambar 2004, jirgi mai saukar ungulu ya je duba ko sun tsira, sai wani mutum ya fito bakin teku ya ɗana masa kibiya.

Da na sake zama da malaminmu, a kan wannan kibiyar muka fi daɗewa. Na ce masa, "Allah gafarta Malam, ai ku kuka karantar da mu ayoyi na 27 da 28 na Suratun Nur, cewa kada a shiga gidan da ba na mutum ba sai ya nemi izini ya yi sallama, idan kuma aka ce masa ya koma, to ya koma." Bahaushe ya ɗauki wannan ladabi har ya zama jininsa, yakan tsaya a zaure ya yi sallama sau uku, in ba a amsa ba ya juya ba tare da ya ji haushi ba. Mutumin da ba ya jin harshenmu, mu ma ba ma jin nasa, da wace hanya zai ce mana mu koma in ba da kibiya ba, ko da sanduna biyu da yake gicciyewa a kan turba kamar yadda wasu mutanen Amazon suke yi? Malam ya yi shiru, daga baya shi da kansa ya kawo ayar Suratul Isra'i da ke cewa Allah ba Ya azabtar da mutane sai Ya aiko musu da manzo, ya kuma tuna mana yadda Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Bai ce ya sauka daga ra'ayinsa gaba ɗaya ba, kuma ban nemi ya ce haka ba. Abin da muka haɗu a kai shi ne saƙon da mai kai shi yake ɗauke da ajalin waɗanda zai kai wa yana buƙatar a sake tunani a kansa. John Allen Chau, matashin Ba'amurke ɗan shekara 26 da ya biya masunta suka kai shi Sentinel a watan Nuwamban 2018 domin wa'azin Kiristanci, na yarda da gaske ya yi imani da abin da ya je yi. An harbe shi da kibiya ta sami littafinsa, ya tsira, ya sake komawa, aka kashe shi. Ina jin tausayinsa da na iyayensa, amma dokar Indiya ta 1956 da ya keta an yi ta ne domin tari ɗaya nasa yana iya gamawa da tsibirin.

Maganar dattijonmu mai goro ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin akwai masana da suke kusa da ra'ayinsa. A 2015 Robert Walker da Kim Hill, masu nazarin al'ummomi a Amurka, sun rubuta cewa tunda masu katako da masu haƙar zinariya da masu safarar ƙwaya za su kai ga waɗannan mutane ko ana so ko ba a so, gara a riga su zuwa da likitoci da masu fassara cikin tsari. Hujja ce mai nauyi, kuma ba na ɗaukar masu ita a matsayin marasa imani. Inda na rabu da su shi ne sun miƙa wuya ga ɓarawo tun kafin ya haura katanga. Idan matsalar ita ce masu kutse, to a tsare iyakar ƙasar, a kuma ajiye likitoci a shirye domin ranar da mutanen suka fito da kansu. Hakan ya faru a 2014 a jihar Akre ta Birazil, inda wasu samari suka fito ƙauyen Simpatiya suna ba da labarin hare-haren da suka koro su daga wajen Peru, suka kamu da mura cikin 'yan kwanaki, aka yi musu magani kafin su koma wurin danginsu. Birazil ta ɗauki wannan manufa ta barin mutane a inda suke tun 1987, kuma wanda ya jagoranci sauyin, Sydney Possuelo, mutum ne da ya shafe shekaru yana jagorantar tawagogin shiga kurmi, ya kuma ga abin da ya biyo bayan shigarsa da idonsa.

Tsaron ba abu ne mai arha ba. A watan Yunin 2022 aka kashe Bruno Pereira, ƙwararren ma'aikacin hukumar FUNAI mai kula da 'yan asalin ƙasa a Birazil, tare da ɗan jaridar Ingila Dom Phillips a yankin kwarin Javari, kuma masu kamun kifi ba bisa ƙa'ida ba aka kama da laifin. Shi ya sa ba na son a fahimci "a bar su" da ma'anar a manta da su. Shekarun da na yi ina bi ta kan gadar Third Mainland ina hango gungumen itatuwa a ɗaure suna yawo a kan ruwa a wajen Oko Baba, ban taɓa tambayar kaina dajin wa aka sare ba. Waɗancan daga dazuzzukanmu na kudu suke, ba daga Amazon ba, amma ko'ina haka abin yake, mai sayen katako a birni ba ya ganin wanda hanyar tirela ta bi ta kan gonarsa.

Saurayin da ya nuna mana bidiyon ɗan Adamawa ne, kuma ya tambaye ni ko maganata tana nufin a bar mutanen Koma na duwatsun Alantika ba makaranta ba asibiti, su da jaridu suka yi ta yayatawa a 1986 wai an gano su. Na ce masa a'a, ƙanena, lamarinsu daban ne. Koma sun daɗe suna cin kasuwa da maƙwabtansu, 'yan ƙasa ne kamar ni da kai, kuma wanda ya nemi rijiya da malamin asibiti haƙƙinsa ne a ba shi. Wanda ya buɗe ƙofa yana kira a amsa masa, wanda ya rufe kuma a tsare masa ƙofar.

Akwai wani mutum a yankin Tanaru na jihar Rondoniya a Birazil da ba wanda ya san sunansa ko sunan ƙabilarsa. Masu kiwon shanu da suke son ƙasar sun hallaka danginsa, ma'aikatan FUNAI suka gano shi a 1996 shi kaɗai, yana gina bukkoki yana haƙa rami mai zurfi a cikin kowacce. Sun yi ƙoƙarin kusantarsa, ya harbi ɗayansu da kibiya, daga nan suka fahimci amsarsa. Aka killace masa daji mai faɗin kusan hekta 8,000, suka koma zagayawa lokaci zuwa lokaci suna duba ko yana raye, wani lokaci su ajiye masa gatari ko iri a kan hanya su janye. Shekara 26 aka yi a haka. A watan Agustan 2022 ɗaya daga cikinsu ya same shi kwance a kan ragar kwanciyarsa ya rasu, babu alamar an taɓa shi, ya lulluɓe jikinsa da gashin aku masu launi, kuma bayan an kammala bincike a cikin wannan daji aka mayar da shi aka binne.